Sunayen da Aka Goge daga Wasan Fito

Sana'ata ita ce sayen injinan wasan yara a China, irin dogayen nan masu sanda da maɓallai da ake jefa wa kwabo su tashi, ina loda su a kwantena zuwa Kano. Shi ya sa ban zauna kusa da unguwar Guangyuan kamar 'yan'uwa masu sarin tufafi ba. Na kama ɗaki a Panyu, inda masana'antun injinan suke jere. Na yi shekaru a wannan harka, an sayar mini da ruɓaɓɓen kaya, an canja mini samfur bayan mun gama magana, duk na shanye. Abu ɗaya ne har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

A ƙasan benenmu akwai wata tsohuwa 'yar China da ke zaune ita kaɗai. Kowa a layin Ayi yake ce mata, wato inna, ni ma haka nake kiranta. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai ranar da ta ga ana sauke mini wani inji a ƙofar gida. Ta zagaya shi, ta leƙa bayansa, sannan ta yafito ni zuwa ɗakinta. Ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado, ta warware wani tsohon tawul. Allon inji ne kore, irin wanda masu gyara ke kira fanel, wayoyi sun fito masa ta ko'ina, an ɗaure wasu da hannu.

Sinancina na kasuwa ne, don haka waya ce ta yi mana tafinta. Ta ce tana budurwa ta yi aikin zane a wani ƙaramin kamfanin wasanni. Su 'yan kaɗan suka haɗa wannan wasa, kamfanin ya rushe kafin a fitar da shi, wannan allon gwaji shi kaɗai ya rage a duniya. Wanda ya rubuta manhajar ya rasu, sauran sun watse.

"Ko injinka zai karɓe shi?" in ji ta.

Muka jona. Ya yi ƙara, hoton ya yi rawa, sai ga kogi. Wata mace ce mai faffaɗar malfa a cikin kwale-kwale tana fito da mutane: ka ɗauki mai kwandon agwagi, ka ɗauki ɗan makaranta, ka kauce wa manyan jiragen ruwa, ka sauke kowa lafiya kafin ruwa ya ƙaru. Babu harbi, babu duka. Ayi ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Mahaifiyata ce," ta ce. "Aikinta ke nan a kogin nan. Har yadda take karkata kafaɗa na zana."

Amma allon yana mutuwa. Batirinsa ya tsiyaye, wani farin abu kamar kanwa ya fara cin gefensa. Na je na sami abokina, mutumin Maraɗi mai sarin kayan gyaran waya, wanda ke da na'urar karanta abin da ke cikin ƙananan ƙwayoyin ajiya da ke jikin irin wannan allo. Ya duba ya ce allon ba zai yi rai ba, amma ana iya kwashe wasan a mayar da shi fayil. Ya ce akwai mutane a intanet da ba su da aikin da ya fi tara tsofaffin wasanni, suna da manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsohon inji, wasan ya tashi ko da allon ya zama shara.

Muka tambayi Ayi ko ta yarda a ɗora kowa ya sauke kyauta. Ba ta yi jinkiri ba.

"A ba kowa. Don a buga muka yi shi. Amma sunayenmu da ke fitowa a ƙarshe, a bar su."

Abokina ya rubuta wannan sharaɗi da Turanci da Faransanci a jikin fayil ɗin, ya ɗora. Mutanen da ba mu taɓa gani ba suka yi ta fama har sauti ya daidaita. Wani ya turo bidiyon 'yarsa tana bugawa. Na kai wa Ayi, ta kalla, ta sake kalla, ta cika mini leda da lemo. Ba a jima ba allon ya daina tashi gaba ɗaya, ba mu damu ba, don mun riga mun tsamo abin da ke ciki.

Da shekara ta zagayo na shiga wata masana'anta da na saba saye a wurinta. Mai wurin, wanda muke kira lawban, wato maigida, ya tare ni da fara'a, ya ce akwai sabon kaya, wasanni dubbai a inji ɗaya. Yana latsawa yana wucewa sai na ga kogin. Na ce ya tsaya.

Kogin ne, jiragen ne, har mai kwandon agwagin. Amma an cire matar mai malfa, an sa wata yarinya mai ɗan guntun siket, an ba ta bindiga tana harbin jiragen. An canja sunan wasan, tambarin masana'antar ya zauna a sama. Na karɓi sandar na buga har na kai ƙarshe. Inda sunayen suke fitowa, lambar wayar sashen cinikinsu ce ta fito.

"Lawban, wannan wasan na wa ne?"

"Namu ne. Yaranmu suka yi."

"Ƙarya kake. A gabana aka kwashe shi daga allo. Wadda ta zana shi tana nan da rai, a ƙasan ɗakina take."

Fara'ar ta ɗauke. Ya ɗaga kafaɗa ya ce a intanet yake, kyauta, ba mai shi.

"Da sunaye a jikinsa. Ina sunayen?"

"Meyo," ya ce, wato babu. Kalmar da suke faɗa maka idan launin da kake so ya ƙare, ita ya faɗa mini a kan mutane. Sannan ya ƙara da cewa tsohuwa mai tuƙa kwale-kwale ba ta sayuwa, kuma ai ƙasarku za a kai, wa zai karanta Sinanci a can?

Ban san lokacin da na buga tafin hannuna a kan injin ba. Na zage shi da Hausa, na zage shi da guntun Sinancin da nake da shi, ma'aikata suka daina aiki suna kallo. Mai gadi ya riƙo hannun rigata har bakin titi.

Daga nan wurin abokina na nufa, ina tsammanin zai tashi mu koma tare. Yana ƙulla kwali, bai ko ajiye salatif ɗin ba.

"Alhaji, me kake so a yi? Mun buɗe ƙofa mun ce kowa ya shiga."

"Mun ce a shiga a buga, ba mu ce a goge mutane ba."

"Da ba mu ɗora ba, da yanzu babu wasan ko kaɗan. Na asalin yana nan, ba wanda ya taɓa shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ƙara tunzura ni. Na asalin mutum nawa ke ganinsa? Masu neman tsofaffin wasanni a kwamfuta. Na ɓarawon kuwa kwantena-kwantena zai fita. Na ce masa yana magana kamar mutanen masana'antar. Muka yi makonni ko sallama ba ma yi da kyau a masallaci.

Na so in ɓoye wa Ayi, amma na ga ba ni da wannan ikon. Na nuna mata bidiyon injin da na ɗauka a masana'antar. Ta kalli yarinyar mai bindiga. Washegari ta sa rigar fita ta ce in raka ta.

Mai gadin ya gane ni, amma bai iya tare tsohuwa ba. Ta wuce kai tsaye gaban injin, a tsakiyar masu saye daga ƙasashe daban-daban, ta kama sandar. Ba ta harba ko sau ɗaya ba, kauce wa jiragen kawai take yi har ta ƙare. Da lambar wayar ta fito, ta juyo ta fuskanci ɗakin, ta kira sunayen abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, kowa da aikin da ya yi. Da ta zo kan wanda ya rasu, ta maimaita sunansa. Lawban ya fito yana ba ta shayi, yana cewa za a duba, za a gyara a fitowa ta gaba. Ta ture kofin.

Ba a gyara ba. Na aika an duba mini fitowa ta gaba da wadda ta biyo ta. Masu tara wasannin a intanet sun rubuta musu, ba amsa. Ni na daina saye a wurinsu, abin da bai rage su da komai ba. Abokina shi ya fara zuwa ya same ni, da katin ajiya a hannunsa, ya ce duk injin da zan loda in kawo ya sa na asalin a ciki. Haka muke yi, amma ni ɗan kasuwa ɗaya ne.

Da na je gida hutun Sallah, na shiga wani gidan wasa a Kano don in ga mai wurin kan wata magana. Ga injin masana'antar nan a kusurwa, wani ne ya kawo masa, ana layi a kansa. Na ba shi labarin duka, na ce ya bari in canja masa da na gaskiya, ba sai ya biya ba.

Ya saurare ni har na gama, ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai harbin suke so."

Na ɗauki hulata na fita, maganar da ta kai ni ma ban yi ta ba.