Mai Bigila a Layin Hoton Ƙirji

Tsoro ya kama Izzuddeen ne tun da ma'aikaciyar asibitin ta ce sai an sake masa hoton ƙirji. A Dubai tabon huhu kan hana mutum bizar aiki, komai kyan digirinsa.

Gefensa a benci wani dattijo ne, kaftani ya sha guga, takalmi yana ƙyalli, yatsunsa suna kaɗa taken fareti a gwiwa. Wataƙila direba ne a unguwar Abu Hail da ya zo sabunta biza.

"Samari, bar rawar jikin nan," in ji shi, yana dukan ƙirji. "Ka ga wannan? Shi ya busa bigila a Kano ranar faretin 'yanci, muna gaba, makaɗa na baya. Ko Gwauron Dutse ana jiyo ni."

Tari ya turnuƙe shi har sai da ya share hawaye.

"Sanyin esi ne, khalas, shi ke nan," in ji dattijon.

Ana kiransa ya miƙe ƙyam, ya soma da ƙafar hagu, ya shige ɗakin hoton yana wurga hannu, ba ganga ba 'yan kallo sai Izzuddeen.

An ce sakamakonsu zai zo ta waya. Har yanzu bai zo ba.