Amanar da Salansa Ta Cinye

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". In na shiga zaure gaishe shi, idonsa na kan littafi, nawa na kan tabarma, mu gama in tashi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. In yana da saƙo, ta bakin Inna yake biyowa.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Kaduna, ina haya a Unguwar Sarki, na sayi wata 'yar mota a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Lafiyarta lau, ko tari ba ta yi. Amma ƙuruciya dangin hauka! Haushi nake ji in shigo layi ba wanda ya ɗaga kai. Sai na kai ta wurin wani mai walda a bayan tashar Kawo, na ce ya yanke tukunyar salansa ya jona mini bututu miƙaƙƙe.

Ya ce, "Yallaɓai, a cikin gari za ta yi maka daɗi. Ranar da ka hau titin Zariya, kanka ne zai ba ka labari."

Na ce masa walda na zo yi, ba wa'azi ba.

Ashe gaskiyarsa. Da zarar allura ta taɓa mil hamsin, sai wani ƙugi ya cika motar, ba daga waje ba, daga ƙarƙashin kujera, har haƙora kake jin sa. Na kusa da kai sai ya yi ihu kafin ka ji shi. Ni kuwa wai burgewa ce.

A cikin haka Baba ya zo ganin likita saboda tarin da ya ƙi barinsa. Ya kwana uku, na ɗauke shi zan mai da shi ƙauyenmu, gab da Zariya. Muna wuce Kawo na taka totur, wai malam ya ga ɗansa ya zama mutum. Can na lura gemunsa na motsi. Na ɗauka tasbihi yake, sai na ga carbin a ajiye kan cinyarsa, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da ni yake magana. Idonsa na kan titi, nawa ma haka, kuma ina jin wannan zaman ne ya sake masa harshe, tunda ba mai kallon wani.

Abin da ya kamata in yi bai wuce ɗaga ƙafa ba. Ban ɗaga ba. Gara in faɗi gaskiya tunda na tsufa: na zaci faɗan rashin aure ne, na ce a raina ƙarar nan ta hutar da ni. Ina ta gyaɗa kai, "To, Baba. Haka ne, Baba," alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba.

A Katabu shanu suka tare hanya, na taka birki, ƙugin ya mutu. Sai muryarsa ta fito tar.

"To, ka ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarka. Amana ce. Ka ɗauka?"

Ban san me zan ɗauka ba. Amma bakin nan nawa, da ya riga ya saba, ya ce, "Na ɗauka, Baba."

Ya sauke numfashi, ya ɗauki carbinsa. Da wane ido zan ce wa mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai kafin ya buɗe mini baki ya maimaita?

Washegari da sassafe ina Kawo. Mai walda ya yi dariya har da tafi, ya ce, "Kan ya ba da labarin ke nan?" Ya tono tsohuwar tukunyar daga cikin tarkace ya mayar, ya ƙara wata ƙarama da ya cusa wa soson ƙarfe, ya rataye bututun da robar taya don kada ya taɓa jikin mota. Na sa shi ya zauna inda Baba ya zauna, muka je Katabu muka dawo, na ce ya yi ta yi mini raɗa a mil hamsin. Duk na ji. Ya yi mini kallon wanda ya taɓu, ban damu ba.

Bayan mako biyu na je ɗauko Baba don komawa wurin likita. Da muka hau kwalta ya ce, "Yau dabbar taka ta yi ladabi." Na daure har muka yi nisa, sannan na ce, "Baba, maganar nan ta rannan…"

Ya ɗaga hannu. "Ba a tona ta sau biyu. Ka ce ka ɗauka. Tun ranar nake samun barci."

Wallahi gaskiyar ta zo har bakina. Na dubi yadda ya jingina, hankalinsa kwance, na haɗiye ta. Tsoro ne ya hana ni, ba tausayi ba, kodayake na daɗe ina yi wa kaina ƙarya cewa tausayi ne. Har muka iso Kawo ba abin da ake ji a motar sai ƙwayoyin carbinsa.

Bai ga damina ba. Ina ofis aka aiko, kafin in isa an kai shi. Na zauna zaman makoki ina bin fuskar kowane baƙo da kallo, ko akwai wanda yake jiran wani abu daga wurina. Na zazzage gafakarsa, na buɗe littattafansa warƙa warƙa. Ban sami komai ba, kuma har yau ban san wa na zalunta ba.

Ranar sadakar uku Inna ta kira ni ɗakinta. Ita ma ba ta duban idona. Ta ce, "Da zai cika ya bar maka saƙo. Ya ce a gaya maka kada ka manta." Ta goge ido da bakin mayafi. "Har sunanka ya kama, da bakinsa."

Na ce, "To, Inna. Ba zan manta ba."