Sallamar Kawu ce ta zaɓa min manhaja

Ina tsakiyar tseren mota a kwamfuta, ina haska wasan kai tsaye, sai Kawu ya yi sallama. Daga Achika ya shigo Wudil cin kasuwa.

Kwana uku ina ruwan ido tsakanin manhaja biyu na haska wasa. Ɗaya hotonta tangaran amma magana tana jinkirin isa, ɗayar dishi-dishi amma nan take ake ji.

Mai saurin ce a kunne. Kafin Kawu ya cire takalmi, rubutun masu kallo ya fara hawa allo: "Wa alaikumus salam, Baba." Wani daga Agadez, wata daga Kumasi.

Na karanta masa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya gyara hula ya shiga tambayarsu gida da iyali da damina. Motata ta faɗa rami, ban ma lura ba.

Da na yi masa bayanin ɗaya manhajar, sai ya ce, "A'a, ɗana. Mutum ya amsa maka sallama daga Kumasi, ka bar shi yana jira saboda hoto?"

A gabansa na goge mai kyan hoton.

Ku wacce za ku riƙe?