Surukina da Inuwar Bedi

Shekara goma sha biyu ina shan sigari, ban taɓa kunna ta a gida ba. Gidanmu na gado ne, tsohona na zaure, baffannina na ciki. A titi ma ba dama, garinmu Gazawa ba ta da girman da mutum zai ɓuya. Buro kaɗai gare ni, ɗan ɗakin da nake rubuta takardun haihuwa. In tura ƙofa, in buɗe taga, in busa abina.

Sai doka ta iske mu. Wata Litinin muka tarar da takarda manne a bango, hoton sigari an ja masa jan layi. Shugabanmu ya tara mu ya ce duk mai sha ya fita waje. Abokan aikina suka ce ai da sauƙi. Su ne da sauƙi. Ni wajen ne masifar.

Ƙofar ma'aikatar ɗaya ce. Gabanta akwai itacen bedi, ƙarƙashinsa kuma uban matata yake zama tun hantsi har la'asar, yana tufkar igiya tare da tsofaffi abokansa. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Kullum da safe sai na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaishe shi kaina a ƙasa. Shi zan tsaya wa hayaƙi na fita ta hancina? Gara a kore ni daga aikin.

Na ci goro har haƙorana suka rine. Na gwada ban ɗaki, shugaba ya ji wari ya yi mini kashedi a gaban kowa. Na hau babur zuwa bayan gari, sai ga mai amalanke yana tambayata ya iyali, ya Baba. Na dawo na zauna a buro, kwali a aljihu, ina jin haushin bango, ina jin haushin bedi, ina jin haushin kaina.

A mako na uku wani makiyayi ya zo yi wa 'yarsa takarda, ya kasa tuna watan da aka haife ta. Na daka masa tsawa har muryata ta fita titi. Bawan Allah ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Washegari na tarar da gindin bedi wayam. Surukina ya kwashi tabarmarsa da abokansa sun koma tsallaken hanya, gindin wata katanga da ba ta da ko ɗigon inuwa, sun ba ƙofarmu baya. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne. Na je na durƙusa.

"Baba, lahiya kunka bar inuwa?"

Bai ɗago ba. "Ƙashin tsoho rana shi ka so," ya ce. Ya murza igiyarsa. "Koma bakin aikinka. A bar yi ma mutane tsawa."

Na koma na tsaya gindin bedi ni kaɗai, na zaro kara ɗaya. Daga nan ina hango bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf da gumi. Na kasa ƙyasta ashana. Na kuma kasa zuwa in ce ya dawo, don faɗin hakan na nufin mu biyu mun san dalilin tashinsa, kuma wannan ba maganar da ake yi da suruki ba ce. Cikin zafin ranar nan ya ci gaba da zama kullum har ruwan fari ya sauka.