Moro Kafinta da Ƙafafun Mutala

Moro kafinta bai taɓa tambayar wata uwa ko ɗanta ya fara tafiya ba. A wurinsa ɓata yawu ne, don duk wadda ka tambaya cewa za ta yi yaron har gudu yake.

Daga wajen Bawku ya gangaro Kumasi a ƙafa, yana bin shanun wani Bafillace, ko gemu bai yi ba. Ya yi dakon goro shekara huɗu har wuyansa ya gaza, sannan ya shiga hannun wani kafinta Batone, wato ɗan ƙabilar Ashanti, a unguwar Ashanti New Town, ya koyi zarto da guduma da harshen masu gari. Da ya samu rumfar kansa a Zongo sai ya zauna ke nan. Benci, ƙofa, akwatin amarya, allon karatu, in ta kama har makara. Ya yi aure sau ɗaya. Zaratu ta rasu ba su haihu ba, bai sake ba.

Guntayen katakon da ba su isa komai ba, da su yake haɗa keken koyon tafiya: taya uku na itace, da mariƙi daidai ƙirjin yaro. Ba ya sayarwa. Aro yake bayarwa, wata guda a dawo masa da shi. Mata sun ɗauka gyara yake yi. Gyaran yana yi, amma kafin nan sai ya kifa keken a cinya ya duba. Tayar da ta ci ƙasa sosai, yaro na yawo. In ta gefe ɗaya ce ta cinye, yaron na jingina, akwai ƙafar da yake ji da ita. Mariƙi kuwa dole ya dawo da danƙon koko da sawun haƙora. Sau biyu ya tura uwa asibitin yara saboda tayar da ta karkace. Ɗaya ta je, ɗaya ta zage shi.

Ana saura shekara guda ƙasa ta samu 'yancin kai, Ajara mai koko da ƙosai ta dawo da nata keken. Mijinta na hanyar arewa da fatake, sai ya yi wata biyar bai leƙo ba. Tana zaune a gidan wansa, Alidu dillalin shanu. Ɗanta Mutala ya kusa shekara biyu, yana goye a bayanta, ƙafafunsa na reto har kusa da cinyoyinta.

"Baba Moro, ga kekenka. Mun gode Allah, ya sha turi."

Moro ya kifa shi. Tayoyin sun cinye kamar an kai shi can unguwar Tafo an dawo. Ya juya mariƙin. Tas yake, ko tabo babu.

"Wa ya tura?"

"Mutala mana."

"Da me ya riƙe? Da kunne?"

Ta ce yaran gidan ne suka yi ta wasa da shi, ita kuma ta bar su, don kada ya ce ta raina masa kyauta.

"Sauke shi in gani."

"Yana barci."

"Idonsa biyu, ga shi yana kallona kamar na ci masa tuwo."

Ta ƙi. Ta gyara goyo ta juya, sai da ta kai bakin rumfa ta faɗi abin da ke cinta. Maigida Alidu ya riga ya yi magana da Rafi'u wanzami. Ran Juma'a da safe za a yi wa yaron sakiya, a sa masa ƙarfe mai zafi a gwiwoyi biyu, wai jijiyar ta kwanta sai an tashe ta.

Washegari da hantsi Moro ya rufe rumfa ya tafi gidan. Tsakar gida ɗaya, ɗaki goma sha huɗu, murhu ya fi shida, kwata ta ratsa ta tsakiya. Kaskon Ajara na bakin zaure, mai na tafasa. Ya tsaya ya dubi wurin. Duk unguwar an san 'yarta ta fari da rarrafe ta iske wannan kaskon, ta kwana uku ta rasu. Tun daga ranar da aka haifi Mutala, daga baya sai gado, daga gado sai baya.

Alidu na zaune kan buzu yana cin goro. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Maigida, yaron nan nake so in taɓa."

"Kai kuma yaushe ka zama likita, Moro? Ƙafar mutum ba ƙafar benci ba ce."

"Ba ita ba ce. Amma kai in za ka sayi sa, ba ka sa a kora shi ka ga takunsa?"

Alidu ya yi dariya, ya ce a kawo yaron. Moro ya ɗora shi a cinya. Ya haɗa ƙafafun biyu, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, sai dai duk sun yi laushi kamar ƙullun da bai tashi ba. Ya ja farce a tafin ƙafar hagu, yaron ya harba. Ya ja a na dama, ya harbe shi a ciki. Tafin kuwa sumul, ko kaushi babu.

"Ƙafar nan ba ta mutu ba. Ba a taɓa ba ta aiki ba ne."

"To sai wuta ta tashe ta."

"Ka ba ni Juma'a huɗu. In ba ta tashi ba, ni zan hura wa Rafi'u gawayin."

Alidu ya tauna goro ya yi lissafin abin da ƙanensa zai ce in ya dawo ya tarar da gurgu. Ya ce huɗu, ba biyar ba.

Moro bai yi wa Ajara wa'azi ba. Ya san an yi mata har ta gaji. Da la'asar ya dawo da katakon akwatunan madara a ka, ya kewaye murhunta da shinge daidai ƙugu, ya bar 'yar ƙofa mai sakata ta sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ya rufe kwatar da faifan katako tun daga zaure har bakin ɗakinta. Mata suka tsaya kallo. Wata ta ce yau an ga ikon Allah, an yi wa ƙosai turke.

Sannan ya zazzage buhun dusar katako a gefen shingen, ya baje ta da hannu har ta yi lumui.

"Da safe ki ajiye shi nan. Da yamma kada kowa ya share sai na zo."

Ranar farko ya zo ya tarar da sawun kaji kawai. Rana ta biyu haka.

"Na ajiye shi, Baba, wallahi."

"Kar ki rantse, 'yata. Zakaran nan ya fi ki gaskiya."

Rana ta uku ya ɗauko ƙofar da yake gogewa ya kawo gidan, ya zauna bakin dusar ya ci gaba da aikinsa. Bai dube ta ba. Ta soya kasko ɗaya, ta soya na biyu. A na uku ta kwance zani ta ajiye yaron, ta koma cikin shinge ta ja sakata da kanta.

Mutala ya tsala ihu. Ya yi ta yi har masu sayen koko suka fara cewa Mma Ajara, ɗauki ɗanki mana, wannan wace irin mugunta ce. Moro ya ce wanda kukan ya dame shi ya tafi ya sha kokonsa a waje. Kwana uku ana haka. Ƙosai ya ƙone mata ba sau ɗaya ba, don idonta ba ya kan kasko.

Daga nan Moro ya koma rumfarsa, yamma kawai yake leƙowa. A makon farko abin da ke dusar rami ne guda, inda yaron ya zauna ya yi kukansa. Sai ramin ya yi wutsiya, ya ja gindi kamu biyu wajen uwar. A mako na biyu aka samu sawun gwiwa, ta hagu ta fi nutsewa. Wannan ya dami Moro, bai gaya wa kowa ba. Ya ce a riƙa ajiye yaron ta ɗaya ɓangaren, a sa gwangwanin da yake so a can nesa. Bayan kwana huɗu sawun ya daidaita. Sai zazzaɓi ya kwantar da yaron kwana biyar, dusa ta koma ta kaji, Alidu ya fara tambaya ko Rafi'u na gari.

Ran Juma'a ta huɗu Rafi'u ya zo da zabirarsa tun rana ba ta yi zafi ba. Moro ya riga shi zuwa, da gawayi a ƙunshe kamar yadda ya yi alkawari. Ajara na cikin shinge, ta juya musu baya.

Mutala bai yi tafiya ba. Ya dai rarrafa har gindin shingen, ya kama katako na farko ya miƙe, gwiwoyinsa na kaɗawa. Ya matsa ya kama na biyu, ya kama na uku, yana neman ƙosan da uwar ta ɗora a kan sakata. A na huɗu ya zube da gindi, ya duba ko akwai mai tausaya masa, bai samu ba, ya sake kamawa.

"Dafa bango ai ba tafiya ba ce," in ji Alidu.

Rafi'u ya tsuguna ya matsa cinyar yaron, ya dubi dusar da ta sha taku.

"Maigida, ni ba na sa wuta a ƙafar da ke ɗauke da mai ita. Amma tunda na zo, sumar nan ta yi yawa."

Ya yi masa aski ya tafi. Gawayin Ajara ce ta ƙone shi a ƙarƙashin kasko.

Sai bayan Babbar Salla Mutala ya saki shinge. Tafiyarsa ta farko a buɗe take kamar ta agwagwa, daga baya ta miƙe. Uban ya dawo daga arewa ya tarar da shi yana korar kaji, bai ma san an yi wata magana ba.

Moro ya bari aka ƙara wata biyu, sannan ya zo da guduma zai kwashe katakonsa, don akwai bencin masallaci da ke jiransa. Ajara ta tare shi a bakin shingen.

"Baba, bar shi tukuna."

Ya dube ta, ya dubi yadda ta ɗaura zaninta a sama, ya gane wani cikin ne da ita. Ya laluba aljihu ya ciro ƙusa biyu, ya buga a katakon da ya fara girgiza, ya jijjiga shi ya ga ya kafu. Ya koma rumfa ya nemi wani katakon ya haɗa bencin.