Tabaran Kallon Rana a Rugar Bobi

Ana idar da sallar asuba muka bar Kontagora a tsohuwar motar abokin aikina, akwatin tabarau a kan cinyata. Tabaran nan su ne aikinmu na ƙarshen mako. In ka saka, sai ka ga kamar kana cikin kumbon da masana suka harba don nazarin rana, kana matsawa, tana tafarfasa a gabanka. Makarantu muke zagayawa da su. Wannan karon wata malama mai koyar da 'ya'yan makiyaya a wajen Bobi ce ta gayyace mu. Yara sun fara zame mata suna komawa kiwo, sai ta yi musu alkawarin duk wanda ya jure zuwa aji har ƙarshen zango zai ga rana ido da ido.

Tun daga gida na fito a gajiye. Kwana biyu ba mu da wuta, sai a shagon caji muka cika batir, mai shagon ya yanka mana kuɗi kamar firji muka jona. Hanya kuwa sai dai Allah ya kyauta, damina ta cinye kwaltar. Mun tsaya karin kumallo, aka ba mu ƙosai ƙanana ƙwarai, da muka yi ƙorafi mai tuyar ta ce mu tambayi masu wake. Inda mota ta gaza muka hau acaɓa, na rungume akwatin nan har hannuna ya sage.

Mun tarar da yaran a jere a gindin bishiya, an yi wanka, an shafa mai. Amma dole a fara gaida Arɗo, shugaban rugar. Aka kawo fura da nono mai sanyi, irin wadda ba a samu a gari. A nan na yi wauta. Don in burge, na buɗe akwatin a gabansa na fito da tabaran duka.

Arɗo ya ce, "Malam, abin da za a ɗaura wa yaranmu a ido, ai sai mun fara gani."

Gaskiyarsa ce. Ya saka, ya ja da baya yana salati, ya ce, "Malam, wuta ce ke miƙewa kamar igiya!" Da ya gama ya miƙa wa ƙanensa, shi kuma ya miƙa wa liman. Haka tabaran suka bi dattawa bisa shekaru, ba a tsallake kowa, kuma kowa sai an dawo masa da kumbon daga farko. A ruga yaro ba ya shiga gaban ubansa, ni kuma baƙo ba ni da bakin ce wa dattijo ya isa haka. Ina tsaye ina murmushin dole, ina kallon alamar batir tana yin ja. Muka shimfiɗa farantin sola don mu yi caji, hadari ya rufe sama. Ɗaya bayan ɗaya tabaran suka mutu, na ƙarshen a fuskar wani tsoho da ya ce shi duhu kawai yake gani.

Ko yaro ɗaya bai saka ba. Ba wanda ya yi kuka, kunya ba ta bar su ba. Sun ɗan tsaya, suka watse shiru. Da sun yi kukan da ya fi mini sauƙi. Arɗo ya ji nauyi, ya sa aka ba mu man shanu. Na ɗaga murya na ce wa yaran za mu dawo, sai malamar ta ja ni gefe.

"Malam, don Allah kada ka faɗa in ba ka tabbatar ba. Kai tafiya za ka yi. Ni ce za su riƙa kallo kowace safiya."

Mun shigo Kontagora da magariba, jiƙe sharkaf, bayana kamar an yi mini duka. Na dai koyi cewa in za ka kai wa yara abu a ruga, ka ware wa iyayensu rana tasu, ko ka bar tabarau ɗaya a ƙasan jaka.

Ranar Litinin na kira malamar, na tambaye ta yara nawa suka zo aji. Ta ce in bar wannan tambayar, in faɗa mata ranar da za mu dawo kawai.