Tankar da Babu Komai a Cikinta

Baba Tsaf ake ce masa a gareji, har an manta yana da wani suna. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan tirela, yau siminti, gobe taki, jibi katako, kuma ba a taɓa ganin ya tada mota bai zagaye ta sau biyu ba. Yakan buga kowace taya da guduma ya kasa kunne, ya ja igiya, ya leƙa fitilu. In ya sauke kaya sai ya share bayan motar, ya naɗe tamfol, ya goge sunan kayan da aka rubuta da alli a jikin ƙofa. Yakan ce shi motarsa ba ta ƙarya, abin da ta ce tana ɗauke da shi, shi take ɗauke da shi.

Da kafaɗarsa ta soma gazawa wajen ɗaure kaya, kamfani ya mayar da shi kan tankar fetur. Aka tura shi kwas na kwana biyar, aka ba shi takardar izinin ɗaukar kaya masu haɗari, da littafin ƙa'ida mai shafi ɗari da goma sha biyu. Ya sa littafin a leda, ya ajiye shi a aljihun ƙofa. Karatunsa a hankali ne, yana bin layi da yatsa, amma abin da ya karanta ya zauna. Matsalar ita ce duk dokar da ya riƙe da kyau, sai wata ta fito masa ta bayan gida.

Shafi na goma sha tara ya ce in direba ya yi awa huɗu da rabi yana tuƙi, dole ya tsaya ya huta. Ranar da lokacin ya cika masa daidai wata rumfar mai shayi, sai ya taka burki nan take. Masu duba motoci suka same shi, suka nuna masa shafi na arba'in, wanda ya hana ajiye tanka kusa da wuta. Aka yi masa jan layi ɗaya a fayil. Bayan wata biyu lokacin hutu ya sake cika masa a cikin wani gari, ko'ina murhu, ko'ina janareta. Ya yi ta tafiya yana neman fili, har ya ƙara minti hamsin. Aka nuna masa shafi na goma sha tara. Jan layi na biyu.

“To in tsaya ne, ko in wuce?” ya tambayi matarsa a ranar, yana juya littafin a kan tabarma.

“Ni kake tambaya, Malam? Ni da ko keke ban iya ba?”

Ƙa'idar kuwa a fili take, wannan kam ya gane ta: jan layi uku, a karɓe takardar izini wata uku, a mayar da mutum aji. Ga dattijon da direbobi ke kawo wa yaransu misali da shi, wannan abin kunya ne da bai san inda zai sa kansa ba. Sai ya ƙara ƙaimi wajen karatu.

A cikin karatun ne ya ci karo da shafi na sittin da uku, ya ji kamar an yi masa albishir. Shafin ya ce laifi ne mota ta rataya allon gargaɗin kayan da ba ta ɗauke da su. Yawwa, ga dokar da ta yi daidai da hankalinsa! Allunan nan guda huɗu ne, jajaye masu zanen harshen wuta, da wasu biyu masu ruwan lemo da lambobi. Tun da ya hau tanka yake jin wani iri in ya dawo fanko da su a jiki, kamar mai shagon da ke tallan abin da ya ƙare.

Ranar wata Talata ya juye fetur ɗinsa a gidan mai da ƙarfe goma na safe. Aka zura sanda a ɗakuna ukun tankin, ta fito a bushe. Aka sa masa hannu a takarda. Ya ɗauko sifana ya kwance allunan ɗaya bayan ɗaya, ya goge su da tsumma, ya jera su a bayan kujera. Zuciyarsa fes. Ya ma yanke shawarar tunda motar fanko ce, bari ya biya ta wurin ƙaninsa mai walda, a liƙe masa matakalar baya da ta daɗe tana girgiɗi, har ya buga masa waya ya ce yana tafe.

A wurin awon manyan motoci aka ɗaga masa hannu. Mai dubawar wata mata ce mai gilashi, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta zagaye motar, ta dawo ta tsaya.

“Baba, ina allunanka?”

“Suna ciki, 'yata. A goge, a jere.”

“Me suke yi a ciki?”

“Ai babu kaya. Na sauke.” Ya miƙa mata takardar gidan mai da hannu biyu, har da ɗan murmushi.

“An wanke tankin?”

“Wanki kuma? Jiya na wanke ta har taya.”

“Cikin nake nufi, Baba.”

“Cikin ai babu komai. Me za a wanke?”

Ta ɗauko wata 'yar na'ura rawaya mai dogon baki, ta sa shi ya kashe inji, suka hau sama, ya buɗe murfin farko. Ta zura bakin na'urar. Nan take abin ya ɗauki kuka, ƙi-ƙi-ƙi, jar fitila tana walƙiya.

Baba Tsaf ya leƙa ramin. Duhu, sai ɗan ƙyallin ƙarfe a ƙasa. Ya sake leƙawa.

“Injin nan naki lafiyarsa kuwa?”

“Lafiyarsa ƙalau. Tururin fetur yake ji. Ruwan ya fita, tururin yana nan maƙil, ya gauraya da iska. Yanzu ma ta fi saurin fashewa a kan lokacin da take cike.”

“Tsaya, tsaya. Da kaya haɗari, babu kaya ya fi haɗari?”

“Haka ne.”

“To da na sani ai da ban sauke ba!”

Direbobin da ke layi suka kwashe da dariya. Wani ya ɗaga murya daga ƙasa: “Baba Tsaf, yau kai ne da dakon iska?”

Suka sauko. Ya zaro littafin daga leda, ya buɗe shafi na sittin da uku, ya ɗora yatsa. Ta karanta, ta gyaɗa kai, ta ce gaskiya ne, haka aka rubuta. Sannan ta lashi yatsa ta juya takarda ɗaya. A saman shafi na sittin da huɗu aka ce tankin da aka juye ba a wanke shi an fitar da tururi ba, ana ɗaukarsa a matsayin mai kaya.

Ya bi layin da yatsa sau biyu, leɓɓansa suna motsi.

“Wato in na rataya, na yi ƙarya. In na cire, na yi laifi.”

“Ba ƙarya ba ce, Baba. Allon ba don mai sayen fetur aka yi shi ba. Don mai kashe gobara ne, da mai jefar da guntun taba.” Ta buɗe fayil ɗinsa, ta ga layuka biyun. Da alama tana neman hanyar da za ta sassauta masa. “Daga nan defon kamfani za ka koma kai tsaye?”

Da ya ce e, ƙila da ta ce ya mayar da allunan ya tafi. Amma mutumin da motarsa ba ta ƙarya, shi ma bai iya ba.

“A'a. Zan biya wurin ƙanina ya yi mini waldar matakala.”

Ta cire gilashinta.

“Walda? A jikin wannan?”

“Ai daga waje ne,” in ji shi, amma muryarsa ta riga ta yi ƙasa. Ya tuna rumfar ƙanin nasa, tartsatsi yana zuba kamar ruwa, da masu gyaran babur da ke maƙwabtaka, da mai sayar da lemo a bakin ƙofa. Ya zauna a kan matakin motar.

Ta ja layi na uku da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Ta karɓi takardar izinin ta sa a ambulan. Shi da kansa ya mayar da allunan shida, ya ɗaure kowace ƙusa tam, kafin direban da kamfani ya turo ya ja motar.

Da la'asar ƙanin ya zo gida, tabarau ɗin walda a goshi.

“Yaya, tun safe nake jiranka. Ina motar?”

Baba Tsaf ya kama hannunsa ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, har ƙanin ya fara kallon matar yayansa yana tambaya da ido ko lafiya.

Ranar Litinin ya koma aji, ya zauna a layin gaba cikin samari, yana ɗaga hannu har malamin ya soma kauce wa idonsa. Har yanzu bai sami amsar shafi na goma sha tara da na arba'in yadda take kwanta masa ba. An ce masa tun kafin ya tashi zai tsara inda zai huta, ya ce to in taya ta fashe a hanya fa? Malamin ya ce za a zo wurin.

Bayan mako biyu matarsa ta shiga kicin ta tarar ya fitar da tsohuwar tukunyar gas can ƙarshen tsakar gida, ya zana mata harshen wuta da jan alli.

“Malam, wannan ai ta ƙare tun watan jiya. Babu komai a ciki.”

“Na sani,” in ji shi, yana kallon tukunyar daga nesa. “Shi ya sa.”